Fim Ɗin Hausa da Ƙofar Ɗakin Amarya

A watan Disamba na 2013 aka fitar da wani fim a Chennai, birnin da a da ake kira Madras, cibiyar masu shirya fina-finan harshen Tamil a kudancin Indiya. Sunansa Kalyana Samayal Saadham, kuma R. S. Prasanna ne ya ba da umarninsa. Labarin bai da sarƙaƙiya. Iyaye sun haɗa saurayi da budurwa, an sa rana, dangi sun duƙufa kan hidimar biki, sai angon ya gano yana fama da raunin da maza ba sa son a ambata, wanda fargaba da gajiya suka jawo masa. Fim ne na ban dariya, na manya, amma babu tsiraici a cikinsa. Ya samu karɓuwa har aka sake yin sa da harshen Hindi a 2017 da sunan Shubh Mangal Saavdhan. Dalilin kawo shi a nan shi ne, fina-finan kudancin Indiya da aka juya zuwa Hausa sun cika wayoyin matasa a Yelwa da Ngaski da Shanga na ƙasar Yauri kamar yadda suka cika na Kano, alhali fim ɗinmu na Hausa, wanda ya haura shekara 30 yana magana kan aure kusan kullum, bai taɓa samun ƙarfin halin yin irin wannan labari ba. Ra'ayina shi ne wannan shiru ba gadon addini ba ne, ba kuma gadon al'ada ba ne. Tarihin yadda fim ya shigo mana ne ya haife shi, kuma yana jawo mana asara.

Silima ta shigo Kano a hannun 'yan kasuwa Kwarori. An buɗe Rex a 1937, wasu suka biyo baya, kuma tun farko jama'ar birni suka ɗauke ta wurin 'yan iska, inda mutumin kirki ba ya son a gan shi. Gobarar da ta tashi a silimar El Duniya a 1951, wadda ta ci rayuka fiye da 300, ta ƙara ƙarfafa wannan ƙyama, domin mutane da yawa sun fassara ta a matsayin horo daga Allah. Duk da haka aka buɗe Palace a cikin birni a 1952. A cikin shekarun nan ne masu gidajen silima suka fara shigo da fina-finan Indiya, suka ga sun fi na Amurka da na Ingila jan jama'a. Ba sai an ji Hindi ba. Ana ganin mata masu lulluɓi da kunya, da uba mai iko a kan auren 'yarsa, da talaka mai son 'yar mai kuɗi, da uwar miji mai tsanani. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya nuna a rubutunsa na 1997 cewa Bahaushe ya ga wata rayuwa ce mai kama da tasa, ta zamani amma ba ta Turawa ba. Da gidajen talabijin na jihohi suka fara nuna waɗannan fina-finai daga shekarun 1970, sai suka shiga tsakar gida, suka kai ga matan kulle waɗanda ba su taɓa taka ƙofar silima ba. Har masu bandiri a Kano suka riƙa ɗora begen Annabi a kan karin waƙoƙin Indiya.

Yauri ta karɓi wannan kaya ne ta hanyoyin da ta saba karɓar komai, wato kogi da titi da kasuwa. Yelwa tsohuwar mashiga ce a bakin Kwara, kan hanyar da ta taso daga Kontagora ta nufi Jega da Sakkwato. Da aka gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968, ruwa ya shanye tsibirai da garuruwa, aka tayar da mutane kimanin 44,000 zuwa sababbin matsugunai, Gungawa da yawa suka bar gungunansu suka hau tudu, masunta kuma suka yi ta kwararowa daga nesa saboda kifin tafkin da madatsar ta haifar. Jama'a ta cakuɗa, Hausa ta ƙara zama harshen kasuwa da na zance. Yankin ya zauna ƙarƙashin Jihar Arewa maso Yamma daga 1967, Jihar Sakkwato daga 1976, sannan Jihar Kebbi daga 1991, kuma a tsawon wannan lokaci abin kallo ya sauya daga akwatin talabijin zuwa kaset ɗin bidiyo, zuwa faifai, zuwa gidan kallo mai janareta, har zuwa yau da yaro zai miƙa wayarsa ga mai turi a bakin kasuwa a cika masa ita da fina-finai. A duk waɗannan matakai Yauri mai kallo ce, labarin kuwa daga Kano yake zuwa ko daga Indiya.

Kafin kyamara ta zo, alƙalami ne ya fara ɗaukar darasin Indiya. A ƙarshen shekarun 1980 littattafan soyayya suka ɓarke a Kano. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, ta biyo da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino kuma ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991. Ba Indiya ce ta koya mana kukan auren dole ba, domin Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, tun tsakiyar shekarun 1930, labarin mai kuɗi ne da ya raba saurayi da budurwarsa. Abin lura shi ne marubutan, musamman mata, sun shiga cikin gidan aure sosai. Sun yi maganar miji mai wulaƙanta uwargida, da saki ba dalili, da yarinyar da aka cire daga makaranta. Amma da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, sana'ar fim ta kafu, har mujallar Tauraruwa ta laƙaba mata suna Kannywood a 1999, sai kasuwa ta zaɓi wani ɓangare na gadon ta bar wani. Nasarar fina-finan Sangaya da Wasila a wajen shekarar 2000 ta tabbatar wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai cewa waƙa da rawa su ne ke sayar da kaset. Daga nan tsarin ya zauna: samari biyu a kan budurwa ɗaya, ko mata biyu a kan miji ɗaya, waƙa a lambu, hawaye, sannan ɗaurin aure. Idan an kai amarya sai a rufe fim. In ma an shiga gidan, kishi da boka da makircin uwar miji kawai ake nunawa, kamar babu wata matsala tsakanin miji da mata sai wadda wani ya shigo da ita daga waje.

Sai kuma zamanin tacewa ya zo ya ƙara ƙulle ƙofar. Bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim a Disamba 2000, ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001. A 2007 wani bidiyon waya na wata 'yar fim ya bazu, gari ya ɗauki zafi, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka sake dakatar da aiki na watanni. An ɗaure Adam A. Zango a shekarar, an ɗaure Rabilu Musa Ibro da Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a 2008, masu sana'a da dama suka koma Kaduna da Jos. A 2016 ƙungiyar masu shirya fim da kanta ta kori Rahama Sadau saboda wani bidiyon waƙa, kuma a shekarar ce aka janye shirin gina alƙaryar fim a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Bebeji bayan malamai sun yi ca. Ba duk ƙorafin jama'a ne marar tushe ba. Rawar da aka kwaso daga Indiya, mace da namiji suna zagaya juna cikin matsattsun kaya, baƙuwa ce a wurinmu, kuma iyayen da suka ƙi ta suna da hujja. Amma dubi abin da rigimar ta tsaya a kai: tufafi, da rawa, da taɓa hannu. Ba ta tsaya kan wane labari ya dace da wane mai kallo ba. Ma'auni ɗaya aka kafa, cewa kowane fim sai ya zama wanda yaro da kakarsa da surukin gidan za su iya kallo tare. Marubucin da ya ga an ɗaure abokan aikinsa ba zai kusanci batun da zai iya jawo masa huɗubar Juma'a ba, ko da kuwa zai faɗe shi cikin ladabi.

Tamilawa ba su iso inda suke a dare ɗaya ba, kuma su ma mutane ne masu kunya da girmama dangi. Fim ɗinsu mai magana na farko, Kalidas, ya fito a 1931. Tun shekarun 1920 Periyar E. V. Ramasamy ya tayar da muhawara kan tsadar biki da ikon limaman gargajiya a kan aure, ya ƙirƙiro ɗaurin aure mai sauƙi, wanda gwamnatin C. N. Annadurai ta halatta a doka a 1967. Annadurai kansa marubucin fim ne, haka M. Karunanidhi da ya rubuta Parasakthi na 1952. Wato a can fim ya daɗe da zama dandalin da al'umma ke gardama kan aurenta. A 1983 K. Bhagyaraj ya yi Mundhanai Mudichu, labarin matar da mijinta ya ƙaurace mata, ta shiga dafa masa 'ya'yan zogale domin ta jawo hankalinsa. Manya suka fahimta suka yi dariya, yara suka ga girki kawai. Duk matar Sakkwato ko Kebbi da ta san sirrin kayan mata za ta gane wannan salo ba tare da an yi mata bayani ba. Bayan haka akwai doka. Tun 1952 Indiya take da dokar da ta raba fim na kowa da kowa da fim na manya, aka ƙara matakin tsakiya a 1983. Mai shirya fim ya san wa yake yi wa magana, mai sayen tikiti ya san abin da zai tarar.

Wannan rabe-raben masu sauraro shi ne ainihin tsarin Bahaushe tun kafin a san silima. A daren kai amarya akwai sayen baki, inda abokan ango da ƙawayen amarya ke ciniki cikin zolaya da habaici, kowa ya san inda maganar ta dosa, babu dattijo a ɗakin. Akwai tsohuwar da ke zama da amarya a kwanakin lalle tana gaya mata abin da uwarta ba za ta iya furtawa ba saboda kunya. Akwai wasan kaka da jika, da na taubasai, inda aka halatta maganar da ta haramta tsakanin ɗa da uba. A cikin gida, ranar biki ko suna, mata na kifa ƙwarya a ruwa su yi amada, kuma duk wanda ya saurari Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ya san ba ta ɓoye maganar jikin mace da kishiya da gazawar miji ba. Ɗan Maraya Jos ya mai da rigimar miji da mata abin dariya da kuntiginsa, 'yan gambara kuma sun fi kowa sakin baki a kasuwa. Ta fuskar addini ma haka abin yake. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai daga Yelwa har Katsina, ta yi bayanin aibobin da ke ba ma'aurata zaɓin rabuwa, kuma a mazhabar Malikiyya mijin da ya kasa kusantar iyalinsa ana ba shi wa'adin shekara guda ya nemi magani kafin alƙali ya yanke hukunci. Matsalar da fim ɗin Tamil na 2013 ya gina labarinsa a kanta tana cikin littafin da almajiri ke biyawa a gaban malaminsa. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya zargi malaman zamaninsa da barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilcin hukunce-hukuncen da suka shafi jikinsu da ibadarsu. Kunyar Bahaushe ba ta taɓa nufin kada a yi maganar ba. Tana nufin a san a gaban wa za a yi ta, da kuma irin lafazin da za a yi ta da shi.

Mai musu zai ce buɗe wannan ƙofa buɗe ƙofar batsa ne, kuma yana da misali a hannu daga Tamil ɗin kanta. Hara Hara Mahadevaki na 2017 da Iruttu Araiyil Murattu Kuththu na 2018, duka na Santhosh P. Jayakumar, fina-finai ne da aka gina kan zancen banza da kallon mace a matsayin abin wasa, kuma ko a can sun sha suka. Wannan gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai nemi a kwaikwayo su. Amma kasancewar akwai mugun misali ba ya soke nagari, sai dai ya nuna inda iyaka take. Bambancin a bayyane yake. A fim na kirki dariyar tana kan tsoro da girman kai da shisshigin dangi, kan kawun da ke kawo saiwa da abokin da ke ba da shawarar banza, kuma amaryar mutum ce mai hankali da ke tsayawa tare da mijinta. A na banza dariyar tana kan jikin mace. Aikin hukumar tacewa shi ne ta iya rarrabe waɗannan biyu. Haramta su gaba ɗaya ya fi sauƙi, amma gudun aiki ne.

Musu na biyu ya fi ƙarfi. Silima tana da mai gadi a ƙofa, waya kuwa ba ta da shi. A gidan da waya ɗaya ke yawo daga hannun uba zuwa na ɗan shekara goma, rubuta cewa fim na manya ne ba zai hana komai ba. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana da matakan shekaru har da na 15 da na 18, amma mai turi a kasuwa ba ya tambayar shekarun kowa. Amsar ita ce a dubi abin da yaron yake gani da ji a yanzu. Tun farkon shekarun 2010 da kamfanoni irin su Algaita suka fara juya fina-finan Indiya zuwa Hausa, jaruman kudu irin su Vijay da Suriya da Prabhas da Allu Arjun suka zama sanannu a kowane ƙauye, tare da rawarsu da zubar da jininsu, ba tare da wani mataki na shekaru ba. A ranar kasuwa kuma mai maganin gargajiya yana kafa lasifika a kan mota yana zayyana cututtukan maza da lafazin da ba a iya maimaitawa, mata da yara suna wucewa. A TikTok da Facebook masu tallar kayan mata suna yin abin da ya fi haka. Ashe maganar ba ta ɓuya ba. An dai hana ta ga marubuci mai tunani, wanda zai iya faɗin ta cikin hikima da sakaya, an bar ta ga mai neman kuɗin marar lafiya. Fim irin na Bhagyaraj, wanda babba zai gane yaro ya wuce, ya fi duk waɗannan aminci ko da ya faɗa hannun da bai kamata ba.

Shirun yana da farashi, kuma mata ne suka fi biyan sa. Yawan mutuwar aure a ƙasar Hausa ba ɓoyayyen abu ba ne. Shi ya sa gwamnatin Kano da Hisba ƙarƙashin Malam Aminu Daurawa suka fara auren zawarawa a 2012 da ma'aurata 100, aka kuma aurar da 1,800 a Oktoba 2023. Sayen gado da katifa da biyan sadaki taimako ne na gaske, amma ba ya warkar da auren da ya mutu saboda abin da miji da mata suka kasa faɗa wa juna. Idan matsala ta taso a ɗaki, abin da aka fi saurin cewa shi ne an yi wa ango asiri, ko amarya ce ba ta iya ba. Ciwon sukari da hawan jini da damuwa, waɗanda likita zai iya dubawa, ba sa zuwa a zance. Namiji zai gwammace ya saki mace da ya je asibiti, ita kuma ta koma gida da laifin da ba nata ba, ba ta da bakin bayani. Dariya tana da amfani a nan domin tana rage nauyin abin kunya. Mutumin da ya ga irinsa a fim, ya ga an yi dariya an kuma samu mafita, zai fi samun ƙarfin buɗe baki.

Akwai kuma darasi na ƙarshe da ya shafi Yauri kai tsaye. Fim ɗin 2013 ya yi armashi ne saboda bikin da ya nuna na wasu mutane ne takamaimai, da abincinsu da limamansu da gwaggonninsu. Fim ɗin Hausa kuwa biki ɗaya yake nunawa, na masu kuɗin Kano, mai akwatunan lefe jere da liyafar dare a babban zaure, kuma wannan hoto ne ke tsawwala wa saurayin Shanga da ke noman albasa abin da ake tsammani daga gare shi. Alhali ƙasar Yauri cike take da labarin aure da ba a taɓa ɗauka ba. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya rubuta tarihin masarautar a ƙarni na 19, Frank Salamone kuma ya yi nazari a shekarun 1970 kan yadda Gungawa ke rikiɗa su zama Hausawa. A irin wannan ƙasa ta Gungawa da Kambari da Dukkawa da Shangawa da Sarkawa da Hausawa, inda wasu suka gaji yi wa surukai noma na shekaru kafin a ba su mata, wasu kuma suka gaji sadaki da lefe, kowane aure tsakanin gida biyu yana ɗauke da abin dariya da abin tausayi da ya ishi fim. Amaryar da za a tsallaka da ita tafki a jirgin ruwa da kayan ɗakinta ba ta buƙatar aron lambun Indiya.

Yau kasuwar faifai ta mutu, Arewa24 da ta fara aiki a 2014 da kuma YouTube sun buɗe hanyar shiri mai dogon zango, kuma shirin Gidan Badamasi ya nuna cewa Hausawa na son dariyar da aka gina kan rikicin iyali. Matashin Yelwa mai kyamara da marubuciya mai kunnen jin zancen tsofaffi ba sa buƙatar izinin 'yan kasuwar Kano kafin su fara. Abin da ya rage shi ne hukumomin tacewa su koma raba fina-finai bisa shekarun mai kallo maimakon hana batu, malamai kuma su zauna da marubuta su nuna musu abin da fiƙihu ya riga ya faɗa a fili. Marubutan Yauri su rubuta auren da suka sani, su shiga da labarin har bayan kai amarya, da lafazin da kakanninsu mata suka yi amfani da shi a ɗakin lalle.